Yadda ɗalibin lauya zai feɗe hukuncin kotu, ya kuma kama kalmomin shari'a

Hukuncin babbar kotu na iya cin shafi saba'in, amma abin da ya zama doka a cikinsa, wanda dole ƙananan kotuna su bi, da ƙyar yake wuce layi uku. Sauran labari ne, da jayayyar lauyoyi, da tsofaffin shari'o'in da aka jawo, da ra'ayin da alƙali ya yar a kan hanya. Aikinka shi ne ka tsamo layi ukun nan, ka kuma iya faɗin dalilin da ya sa su ɗin ne. Ɗalibin da ya haddace wanda ya yi nasara kaɗai, ranar jarrabawa malami zai sauya masa abu guda a cikin labarin ya bar shi yana zare ido.

Wannan bayani ya shafi tsarin da ya samo asali daga Ingila, inda hukuncin da ya gabata ke ɗaure wanda zai biyo baya, kamar yadda ake yi a Amurka, Indiya, Najeriya, Ghana da Ostireliya. A Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta, kundin doka ne a gaba, hukuncin kotu kuma gajere ne, galibi babu ra'ayin alƙalin da ya saɓa. Karatunsu yana da nasa salon daban.

Adireshin shari'a

Kafin ka karanta kalma ɗaya ta alƙali, dubi layin da ke sama: Donoghue v Stevenson [1932] AC 562. AC sunan jerin littattafan da ke buga hukunce-hukuncen kotunan ƙoli a Birtaniya ne, 562 kuma shafin da shari'ar ta fara. Baka mai kusurwa da ke kewaye da shekarar na nufin da shekarar za ka nemo littafin a kan kanta. Idan bakan zagayayye ne, kamar a R v Dudley and Stephens (1884) 14 QBD 273, lambar kundin ce, wato 14, za ta kai ka, shekarar ƙarin bayani ce kawai. Harafin R kuwa Rex ne ko Regina, sarki ko sarauniya, alamar cewa hukuma ce ke tuhumar wani da laifi.

Akwai tarko biyu a nan. Shekarar da ke cikin baka mai kusurwa ta bugu ce, ba lallai ta zama ta yanke hukunci ba: shari'ar Hedley Byrne an yanke ta a 1963, amma a kundin 1964 za ka same ta. Na biyu, sunan da ke farko ba kullum ne na mai ƙara ba. A wasu kotunan, idan an ɗaukaka ƙara sai a sa sunan wanda ya ɗaukaka a gaba, ko da shi aka kai ƙara tun asali. Da yawa sun karanta hukunci har rabi suna zaton nasarar ta wane ce, ashe sun juya mutanen.

Rubuta abu huɗu a gefen takarda tun yanzu: wace kotu ce, wace shekara, alƙalai nawa suka zauna, kuma a wane mataki shari'ar take. Na ƙarshen nan shi aka fi raina wa, alhali shi ke nuna maka abin da kotun take da hurumin yankewa.

Karatu uku

Karatun farko na gudu ne, minti goma zuwa sha biyar, babu biro a hannu. Abin nema kawai: wa ke neman me daga wa, kuma ya aka ƙare. Leƙa shafin ƙarshe tun da wuri ka ga umarnin kotu. Hukunci ba tatsuniya ba ce da za a ce sanin ƙarshenta ya ɓata ta, sanin inda alƙali ya nufa ma shi ke sa ka gane abin da ya sa yake bin wata hanya.

Karatu na biyu shi ne na aiki. Yi wa kowane sakin layi alama guda a gefe: nan labari ne, nan hujjar mai ƙara, nan ta wanda ake ƙara, nan tsohuwar shari'a, nan ra'ayin alƙalin kansa. Kuskuren da ya fi cin ɗalibai a nan yake. Alƙali kan shafe shafi uku yana shimfiɗa hujjar wani lauya da kyau, kamar ya yarda da ita, sannan a layi ɗaya ya ce bai gamsu ba. Wanda idonsa ya tsallake layin nan sai ya kwafi maganar da kotu ta ƙi a matsayin doka. Sa ido a kan inda alƙali ya daina cewa "lauya ya ce" ya koma "a ganina".

Karatu na uku na sassan da ka yi wa alamar ra'ayin alƙali ne kaɗai, sannu a hankali.

Taƙaitawar da ake bugawa a goshin hukunci fa? Mai haɗa rahoto ne ya rubuta ta, ba alƙali ba, don haka ba ta cikin hukuncin. Kotun Ƙolin Amurka har gargaɗi take bugawa a saman tata a kan haka. Yi amfani da ita a matsayin taswira, amma kada ka jawo ta a amsa kamar maganar kotu.

Dodon koɗi a cikin kwalba

Mu feɗe shari'a guda a gabanmu. Ranar 26 ga Agusta 1928, a wani shagon shan shayi a garin Paisley na Sikotland, an saya wa May Donoghue lemon citta. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta, kuma a rufe take tun daga masana'anta. Ta sha wani ɓangare. Da aka tsiyaye sauran, in ji ta, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya biyo. Ta ce ta kamu da ciwon ciki da firgita, ta kai ƙarar mai masana'antar, David Stevenson, tana neman diyyar fam 500.

Matsalarta: ba ita ta saya ba, don haka babu yarjejeniyar ciniki tsakaninta da kowa. Alƙalin farko ya ce ƙararta na da tushe. Kotun da ke sama ta soke, tana bin hukuncinta na 1929 a kan wata ƙara mai kama da wannan, inda ɓera aka tarar a kwalba. Daga nan ta wuce kwamitin shari'a na Majalisar Dattijan Birtaniya, wanda shi ne kotun ƙoli kafin 2009. Ranar 26 ga Mayu 1932 ta yi nasara da alƙalai uku bisa biyu: Atkin, Thankerton da Macmillan a gefenta, Buckmaster da Tomlin suka saɓa.

Ga amfanin sanin mataki. Kotun ba ta ce akwai dodon koɗi a kwalbar ba. Tambayar da ke gabanta ita ce: idan aka ƙaddara duk abin da matar ta faɗa gaskiya ne, doka ta ba ta hanyar neman diyya? An ce e, aka mayar da ƙarar ƙasa don sauraron shaidu. Stevenson ya rasu kafin a kai ga haka, aka sasanta a wajen kotu. Ɗalibin da ya rubuta cewa kotu ta samu Stevenson da sakaci ya faɗi abin da bai taɓa faruwa ba.

To mene ne jigon hukuncin, abin da lauyoyi ke kira ratio decidendi? Kowa ya san maganar Mai shari'a Atkin ta shafi na 580, cewa mutum ya kiyaye kada aikinsa ya cutar da maƙwabcinsa, maƙwabci kuwa shi ne duk wanda aikin ke shafa kusa da kusa har ya kamata a tuna da shi. Magana ce mai daɗin haddacewa, amma ta fi abin da ake buƙata don raba wannan gardama faɗi. A shafi na 599 ne ya faɗi ƙa'idar da ta yi daidai da shari'ar: mai ƙera kaya da ya fitar da su a yanayin da za su isa hannun mai amfani yadda suka bar hannunsa, ba tare da yiwuwar wani ya bincika su a tsakani ba, yana kuma sane cewa sakaci wajen haɗa su zai cutar, wajibi ne a kansa ya kula.

Lura da abin da ya ɓace daga wannan jimla. Babu Paisley, babu Agusta, babu citta, babu ko dodon koɗin. Abin da ya rage: mai ƙerawa, mai amfani na ƙarshe, rashin damar bincike, cutarwa. Duhun kwalbar ya tsira, amma ya sauya kama ya zama "rashin damar bincike". Wannan tacewar ita ce sana'ar. Wanda ya taɓa zama gaban malamin usulul fiƙhi zai ji ƙamshin abin: neman illar hukunci ne, don a yi ƙiyasi a kanta.

Faɗin jigon kuwa, shari'o'in da suka biyo baya ne ke yanke shi. A ƙarar Grant v Australian Knitting Mills, wadda aka yanke a 1935, wani likita a Adelaide ya sayi kamfai na ulu da aka bar sinadari a jikinsa, fatarsa ta yi mummunan ciwo. Lauyoyin kamfanin suka ce ai hukuncin Donoghue na abin da ake haɗiyewa ne, wannan kuwa sawa ake yi a jiki. Kotu ta ce wannan bambanci ba shi da nauyi, tunda aibin a ɓoye yake, kayan kuma sun isa gare shi yadda suka bar masana'anta. Daga ranar, "abin sha" ya fita daga jerin abubuwan da suka yi tasiri. Shi ya sa ba a karanta shari'a ita kaɗai: nemi aƙalla biyu da suka zo bayanta, ɗaya da ta bi ta, ɗaya da ta bambanta kanta da ita.

Gwaji biyu na gane jigo

Na farko na masanin shari'a Arthur Goodhart ne, daga 1930: jera abubuwan da alƙalin ya ɗauka masu tasiri, ka haɗa su da hukuncin da ya yanke a kansu. A aikace, ɗauki kowane abu a labarin ka cire shi, ka tambayi kanka ko sakamakon zai sauya. Da a ce kwalbar garau take, ana ganin ciki? Mai yiwuwa ya sauya, don haka duhunta na da tasiri. Da a ce ranar Talata ce? Babu abin da zai motsa.

Na biyu na Eugene Wambaugh ne, malamin shari'a a Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19: ɗauki ƙa'idar da kake zaton ita ce jigo, ka juya ta ta koma kishiyarta. Idan duk da haka wanda ya yi nasara zai yi, to ba ita ba ce jigo, zancen gefen hanya ne, obiter dictum.

Gwada shi a kan Hedley Byrne v Heller. Wani kamfanin talla ya nemi sanin ƙarfin aljihun abokin cinikinsa, bankin abokin cinikin ya ba da shaida mai kyau, amma ya rubuta cewa bai ɗauki alhakin maganar ba. Abokin cinikin ya durƙushe, kamfanin ya yi asarar kusan fam 17,000. Alƙalai suka ce lallai ana iya kama mutum da alhakin maganar da ya yi da sakaci idan wani ya dogara da ita, amma a nan rubutun kare kai ya kuɓutar da bankin. Juya ƙa'idar: ka ce babu irin wannan alhaki sam. Bankin dai shi ke da nasara. A bisa gwajin, shahararriyar ƙa'idar zancen gefen hanya ce. Amma alƙalai biyar na kotun ƙoli ne suka faɗe ta bayan cikakkiyar muhawara, kuma kotuna sun bi ta kamar doka tun daga lokacin.

Don haka kada ka zubar da zancen gefen hanya, auna shi za ka yi: wa ya faɗa, a wace kotu, lauyoyi sun yi jayayya a kai ko kuwa ya suɓuce ne kawai. A shari'ar Howe ta 1987 an yanke cewa tilastawa ba ta zama kariya ga wanda ya yi kisan kai, aka kuma ambata a gefe cewa haka ya kamata ya kasance ga yunƙurin kisa. A 1992, a shari'ar Gotts, wannan ambaton ya zama hukunci.

Gwajin Wambaugh yana da rami guda. Idan alƙali ya kafa hukuncinsa a kan dalili biyu, kowanne na iya tsayawa shi kaɗai, juya ɗaya ba zai sauya komai ba, sai gwajin ya ruɗe ka ya ce duka biyun ba jigo ba ne, alhali duka biyun jigo ne.

Idan alƙalai sun yi yawa

Zana ɗan jadawali: sunayen alƙalai a tsaye, tambayoyin shari'ar a kwance, ka cika kowane gurbi da e ko a'a da dalili a kalma biyar. Ƙirga ƙuri'a a kan kowace tambaya daban. Yakan faru uku su yarda da sakamako amma kowa da dalilinsa, a nan sai ka nemi mafi ƙanƙantar abin da masu rinjaye suka haɗu a kai. Wani lokaci babu shi, kuma faɗin hakan da hujja amsa ce mai kyau.

Karanta na marasa rinjaye. Su ne ke nuna maka inda hujjar masu rinjaye take da rauni, kuma wani sa'in gobe tasu ce. A 1951, a shari'ar Candler, Mai shari'a Denning shi kaɗai ya ce akwai alhaki a kan maganar sakaci. Shekara 12 bayan haka Hedley Byrne ta ce shi ke da gaskiya.

Shari'ar na da rai kuwa?

Hukunci na mutuwa ta hanya uku, kuma sunayensu daban. Kotun sama na iya soke shi a cikin ƙarar nan ɗin da aka ɗaukaka. Ko kuma, a wata ƙara daban bayan shekaru, babbar kotu ta rusa ƙa'idarsa: mutanen shari'ar farko ba abin da ya shafe su, amma ƙa'idar ta faɗi. Haka shari'ar Murphy ta 1990 ta yi wa Anns ta 1977, bisa ikon da Majalisar Dattijai ta ba kanta a 1966 na kauce wa tsofaffin hukunce-hukuncenta. Ko kuma majalisar dokoki ta yi sabuwar doka da ta shafe shi. Kafin ka dogara da kowace shari'a, duba ma'ajiyar hukunce-hukunce ka ga abin da aka yi da ita daga baya.

Haka nan kada ka jawo shari'ar da ba ka gan ta da idonka ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun miƙa mata shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, har da sunaye da lambobin shafi, alhali babu su a duniya.

Shafi ɗaya

Bayan karatu na uku, rufe littafin ka rubuta taƙaitawa da kalmominka, kada ta wuce shafi ɗaya. Adireshi da kotu a sama. Abubuwan da suka yi tasiri, layi biyar ko ƙasa. Hanyar da ƙarar ta biyo, layi biyu. Sai tambayar shari'a, wadda dole ta zama mai amsar e ko a'a kuma ta ɗauki abubuwan da suka faru a cikinta. "Shin akwai sakaci?" ba ta da amfani. "Shin mai ƙera abin sha a rufaffiyar kwalba yana da alhakin kula da wanda ya sha, ko da babu ciniki a tsakaninsu?" ita ce tambaya. Daga nan amsa, jigo a jimla ɗaya tare da lambar shafi ko sakin layi, dalilai, zancen gefen hanya mai nauyi, ra'ayin da ya saɓa. A ƙasa ka bar layi uku don naka: ina raunin hukuncin, kuma wane sauyi a labarin zai juya shi. Idan taƙaitawar ta kai shafi uku, kwafa ka yi, ba ka tace ba tukuna.

Kalmomi

Harshen shari'ar Ingila gauraye ne saboda tarihi. Bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci ƙasar a 1066, Faransanci ya zama harshen kotu, Latin kuma na rubutu, har sai da dokar 1730 ta wajabta Turanci a takardun kotu. Daga nan aka gaji kalmomi irin su tort da estoppel. Ɗalibai sun fi tsoron na Latin, amma su ne masu sauƙi, domin baƙuntarsu na sa ka tsaya ka bincika. Guda talatin zuwa arba'in sun ishe ka shekarar farko: actus reus, aikin laifin kansa, mens rea, niyya ko halin zuciyar mai aikatawa, ultra vires, wuce gona da iri a kan ikon da doka ta bayar, ex parte, buƙatar da aka saurara a bayan idon ɗaya ɓangaren, locus standi, cancantar mutum ya shigar da ƙarar, res judicata, maganar da an riga an yanke ba a sake tayar da ita, per incuriam, hukuncin da aka yi cikin mantuwa da wata doka ko hukuncin da ya wajaba a bi.

Masu haɗari su ne kalmomin da kake zaton ka sani. A shari'ar Fisher v Bell, wani mai shago a Bristol ya ajiye wuƙa mai fitowa da maɓalli a tagar shagonsa da tikitin sule huɗu a bayanta. Dokar 1959 ta hana yin tayin sayar da irin wannan wuƙa. Duk mai wucewa zai ce tayi ne ƙarara. Kotu ta ce a dokar ciniki, baje kaya gayyata ce ga mai saye ya zo shi ya yi tayin, don haka mai shagon bai yi tayi ba, aka wanke shi. Sai da majalisa ta gyara dokar a 1961. Kalma ɗaya ce ta kuɓutar da shi.

Haka kalmar consideration. A bakin kowa la'akari ce, a dokar yarjejeniya kuwa abin musanya ne, abin da kowane ɓangare ya bayar ko ya yi alkawari a madadin na ɗayan. Ba a duba ko ya kai daraja. A ƙarar Chappell da Nestlé, kamfanin cakulan na Nestlé ya ce duk wanda ya aiko da sule ɗaya da sisi tare da takardun naɗe cakulan uku zai samu faifan waƙa. Kamfanin zubar da takardun yake yi idan sun iso, amma kotu ta ce suna cikin abin musanyar. Kalmar person ma ta haɗa da kamfani, wanda tun shari'ar Salomon ta ƙarshen ƙarni na 19 aka tabbatar mutum ne mai zaman kansa a idon doka, dabam da masu shi.

Koyi kalmomi bibbiyu, kowace da abokiyar ruɗaninta, musamman inda Hausar yau da kullum ke haɗe su. Labarai kan ce "kotu ta kori ƙarar" ko an yi struck out ko an yi dismissed, alhali a kotuna da yawa na farko cire ƙara ne daga jeri saboda wani naƙasu, ana iya gyarawa a dawo, na biyu kuwa, idan bayan an duba gundarin maganar ne, ya rufe ƙofa sai dai ɗaukaka ƙara. Sallamar wanda ake tuhuma daban take da wanke shi: wanda aka wanke ne galibi ba a sake gurfanarwa a kan laifin nan. Yarjejeniya void ɓatacciya ce tun asali, voidable kuwa tana aiki har sai wanda aka cuta ya zaɓi warware ta, kuma kafin ya warware wani na uku na iya mallakar kayan da gaskiya. Shall a cikin doka galibi wajibi ne, may zaɓi.

Sai nauyin kawo hujja da matakin da hujjar za ta kai. Na farko yana amsa "a wuyan wa yake?", na biyu "har ina?". A shari'ar Woolmington ta 1935, mutumin ya harbe matarsa ya ce kuskure ne. Alƙalin farko ya gaya wa masu taya shi yanke hukunci cewa tunda an tabbatar shi ya kashe, shi zai nuna kuskure ne. Majalisar Dattijai ta soke hukuncin: mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi har ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. A ƙarar neman haƙƙi kuwa rinjayen hujja ya isa, wato maganar wane ta fi kama da gaskiya.

Hanyar riƙe su ita ce littafi guda, kowace kalma da abu huɗu: ma'anarta da Hausarka kamar kana yi wa ƙaninka bayani, jimlar da ka tsince ta a cikin hukunci, shari'a ko sashen dokar da ya fayyace ta, da kalmar da ake rikita ta da ita. Idan bayanin Hausar ya ƙi fitowa, ba ka gane kalmar ba tukuna, komai yawan Turancin da ka haddace. Biyar a rana sun isa. Maimaita su washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako uku, kana rufe ma'anar kana faɗa da baki. Ƙamus na shari'a yana da amfani, amma shi ne na uku a layi: fara duba sashen fassarar kalmomi na dokar da kake karantawa, domin kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana daban a dokoki biyu, sannan yadda kotuna suka fassara ta, sannan ƙamus.

A takardar amsa

Tambayar jarrabawa labari ce da aka gina kusa da wata shari'a da ka sani, aka karkatar da abu ɗaya ko biyu. Fitar da tambayar shari'a, faɗi ƙa'ida da shari'ar da ta kafa ta a layi biyu, sannan ka kashe mafi yawan tawadarka wajen ɗora ta a kan labarin da aka ba ka, kana nuna inda ya yi kama da tsohuwar shari'ar da inda ya rabu da ita. Ba a ba da maki don sake ba da labarin dodon koɗi. Idan a tambayar an ce kwalbar garau ce, ko an ce dillali kan buɗe kowane kwali ya duba kafin ya sayar, to a nan malamin ya binne makin: koma ga sharaɗin rashin damar bincike na shafi na 599, ka kawo hujjar kowane ɓangare a kansa, sannan ka faɗi wanda kake ganin kotu za ta bi da dalilinka.